Injin aski mai waya ko mai caji? Abin da na gani a hannuna nan Jos

Ƙanina ne ya jawo wannan dogon bayanin. Satin da ya wuce ya kira ni yana tsaye a gaban wani shago can wajen Terminus, ina jin hon ɗin 'yan keke ta wayar, ya ce "Yaya ga su nan iri biyu an fito min da su, mai waya da mai caji, wanne zan ɗauka?" Na ce tsaya tukun, me za ka aske da shi, kai ne ko fuska? Sai ya yi shiru, can ya ce shi dai injin aski yake so. To nan ne fa mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, mutum ya sayo abin da ba na aikinsa ba ne ya dawo gida yana cewa an cuce shi, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Na ce masa ya baro shagon ya zo gida da yamma mu zauna, kuma abin da na gaya masa ne zan maimaita a nan don na san ba shi kaɗai ke wannan tambayar ba.

Abu biyu ne muke haɗawa mu kira da suna ɗaya. Akwai kilifa, wadda kowa ya sani a shagon aski, mai haƙora biyu ɗaya na gogar ɗaya, ita aikinta rage gashi, komai tsawonsa za ta ci amma ba ta share shi tas, sai ta bar ɗan burbushi. Sannan akwai sheba, na fuska, wanda shi wuƙar tasa a ɓoye take a bayan wani siririn ƙarfe mai huji-huji, gashin ne ke leƙawa ta hujin a datse shi daidai da fata. Shi ma sheban iri biyu ne, akwai mai kawuna uku zagayayyu masu juyawa, irin wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fara fitarwa tun 1939 (a lokacin kai ɗaya ne ma), da kuma mai raga a miƙe irin na Braun na Jamus. Mai kawuna uku zagaye-zagaye ake yi da shi a fuska, mai raga kuma sama da ƙasa ake ja a miƙe. Kowannensu, kilifa ko sheba, akwai mai waya akwai mai caji. Ka ga ashe tambayar ba ɗaya ba ce.

Ni abin da ya kai ni ga sheba mai waya ƙurajen aski ne. Ina barin gemu, amma kumatu da ƙasan wuya ina sharewa saboda wurin aiki, kuma shekara da shekaru reza nake sawa. Duk wanda ya yi fama da ƙurajen nan ya san abin da nake nufi, kwana biyu bayan aski wuyan ya yi rudu-rudu, ga ƙaiƙayi ga zafi, in ka sa riga mai kwala kamar ana soka maka ƙaya, in sun warke su bar baƙin tabo. Dalilin kuwa gashinmu ne, a nannaɗe yake fitowa, reza tana yanke shi ƙasa sosai ta bar masa tsini, in ya tashi fitowa sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fata, jiki kuma ya ɗauke shi kamar wani baƙon abu ya kumbura. Wani abokina da ke aikin asibiti shi ya ce min in ajiye reza kwata-kwata na ɗan lokaci har wurin ya lafa, sannan in koma inji. Haka na yi, na sayi mai kawuna uku, mai waya, don a ranar shi ne kuɗina ya kai.

Bari in gaya muku inda na fara son shi. Watan Disamba, sanyin Jos ɗin nan da ruwa ke zama kamar an ciro shi daga firji, ka dawo daga sallar asuba hannunka ma ba ya son fita daga aljihu. Da can sai na jira an ɗora ruwa, in jiƙa fuska, in sa sabulu, in yi ta kankara ina rawar ɗari. Yanzu ina zaune bakin gado da rigar sanyina a jiki, na jona shi a soket ɗin da ke gefen madubi, na ja fatar wuya da yatsu biyu ta miƙe, ina zagayawa a hankali ina jin ɗan ƙaras-ƙaras ɗin gashi yana shiga, in sautin ya daina ya koma zuuu kawai na san wurin ya fita, in matsa gaba. Minti biyar na gama, ba ruwa ba kumfa ba jini. In buɗe kan in kaɗe garin gashin a kan takarda, in share da ɗan burushinsa, in shafa man kaɗanya saboda iskar hunturu tana busar da fata. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalili ga mutumin Jos. Kuma a bushe ake so fuskar ta kasance, kafin ka wanke ta, in da gumi ko maiƙo injin yana manne wa fata ya ƙi tafiya.

Amma kar in rufe ku, satin farko ban ji daɗinsa ba. Fuskata ta yi ja tana raɗaɗi, na kusa mayar da shi shago. Ashe danne shi nake yi da ƙarfi ina maimaita wuri ɗaya, ina neman irin sulɓin da reza ke bayarwa. Masu yin injin da kansu sun rubuta a takardar cikin kwali cewa fata na buƙatar kamar sati 3 kafin ta saba, kuma gaskiya ne, bayan nan abin ya daidaita. Sulɓin reza kam ba za ka samu ba, in ka shafa da hannu baibai za ka ji ɗan kaushi, kuma wannan ɗan kaushin shi ne ya raba ni da yawancin ƙurajen.

To me waya ta ƙara a nan? Ƙarfin injin ba ya canzawa. Yadda ya fara haka zai gama, yau da gobe da baɗi duk ɗaya. Babu batir a cikinsa, saboda haka babu abin da ke tsufa a ɓoye yana mutuwa ba ka sani ba, kuma bai da nauyi a hannu. Wani abin da ban lura da shi ba sai daga baya, kan fulogin nasa ɗan ƙato ne kamar cajar waya, an rubuta 100-240V a jiki, ma'ana shi da kansa yake daidaita wutar. A unguwarmu akwai lokutan da wuta ke zuwa ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar, amma sheban nan yana aikinsa lafiya lau. Wannan rubutun ku dinga dubawa kafin ku biya kuɗi, don ba duka ke da shi ba.

Illarsa kuma a fili take. Ba wuta ba aski, magana ta ƙare. Dole ka tsaya inda soket yake, in madubinka na can wani ɗaki sai ka nemo ekstenshin. Ba a shiga banɗaki da shi, ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba a wanke shi yana jone, wannan ba abin wasa ba ne wutarmu 230 ce. Sannan akwai matsalar da ta shafi kowane sheba, da waya ko ba waya: in gashi ya wuce kwana uku ko huɗu ba ya iya ci, sai dai ya dinga fizga, musamman na ƙasan wuya da ke kwanciya ya nannaɗe, dole sai ka fara bi da kilifa. Kawunan ma suna dakushewa, Philips na cewa a canza nasu duk shekara 2, Braun na cewa wata 18, kuma samun na asali a kasuwa ba kullum yake da sauƙi ba, wani lokacin kuɗin kan ya kusa kuɗin sabon inji mai arha. Wanda yake son tal kwabo a kai da sheba zai iya, na ga masu yi, amma sai an fara sauke gashin da kilifa har ƙasa.

Mai caji kuma na yi guda biyu a cikin shekarun nan, ba zan kama suna ba. Na farkon kyauta aka kawo min, watannin farko abin sha'awa, ka ɗauka ka fita tsakar gida inda haske yake, ka yi tafiya Abuja ko Bauchi ka jefa a jaka. Da ya kai kusan shekara sai caji ya fara gudu, abin da ke yin sati sai ya koma aski biyu, daga nan aski ɗaya, daga nan kana tsakiyar kumatu ka ji muryarsa tana sauka, kuma in injin ya rage gudu ba yanka yake ba, tsige gashin yake, zafi har cikin ido. Na kai wa mai gyara a Dilimi, ya buɗe ya nuna min batirin ya kumbura, ya ce "Alhaji irinsa babu a hannu, sai dai mu sa wani mu gwada." Aka sa, ya yi wata uku. Na biyun shi cajarsa ce ta ɓata a hannun yara, ga bakinta wani iri ne na daban da ba ya shiga da ta kowa, haka ya zauna a durowa. Batirin litiyam da ke cikin irin waɗannan yana da iyakar cajin da zai ɗauka, 'yan ɗaruruwa ne, daga nan ƙarfinsa ya dinga raguwa, kamar dai na wayar hannu, kuma barinsa ya mutu murus na wata da watanni ko ajiye shi a wuri mai zafi yana ƙara saurin kashe shi. Da yawansu kuma ba a yi su don a buɗe ba, manne su aka yi.

Sai dai adalci, na yanzu sun fi na da. Yawancinsu da USB ake caji, fawa bank ma ya isa, ko ɗan solar gida, wasu har lamba suke nunawa ta nawa ya rage. In unguwarku irin wadda taransifoma ke lalacewa a yi sati uku ana karo-karo ce, to mai caji ba ado ba ne a wurinka, shi ne kawai zai yi maka aiki. Akwai kuma masu yin duka biyun, su yi da batir su yi da waya in an jona. Amma a nan a yi hattara, da yawa daga cikin waɗanda aka ce ana shiga wanka da su an yi su ne yadda ba za su kunnu ba in suna jone da wuta, don kare rai. Kenan ranar da batirin ya mutu injin ya mutu, jona shi ba zai tashe shi ba. Ka sa mai shago ya jona a gabanka ya kunna, in ya tashi yana jone to ka samu mai rai biyu.

Yanzu maganar kilifa, wadda ita ce yawancinmu ma muke bukata. A nan kam ni ɗan waya ne ba ɓoye-ɓoye. Tawa ta girmi ɗana na biyu, kuma ita ke aske ni da yara uku. Irin mai nauyin nan ce mai ƙugi, wadda ba mota mai juyawa ce a cikinta ba, naɗin waya ne da maganaɗisu, wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, shi kuma maganaɗisun yana fizgar wani ƙarfe yana saki sau biyu a kowane kai da komowa, ƙarfen ne ke kaɗa haƙoran sama, kusan sau 6,000 a minti. Wani Ba'amurke Leo Wahl shi ya fito da wannan dabarar, kamfaninsa tun 1919 yake, kuma har yau ita ce a cikin yawancin kilifofin shagunanmu, har da na Chaina irin su Chaoba da ake gani ko'ina. Abin da ke cikinta kaɗan ne, shi ya sa abin lalacewa ma kaɗan ne. Ni tunda na saya abu biyu kawai aka taɓa yi mata, wasa baki, da gyaran waya daidai inda take shiga jikin injin, nan ne kullum take karyewa saboda yadda muke nannaɗe ta a jiki tamau in mun gama. Mai gyaran rediyo ya yanke ya sake haɗawa cikin minti goma. Yanzu sako-sako nake naɗe ta in rataye a ƙusa.

Tunda da bugun wutar gida take tafiya, duk abin da ya samu wutar sai ya nuna a jikinta. In wuta ba ƙarfi za ka ji ta yi laushi tana tauna gashi, in an tada ƙaramin jen za ka ji muryarta na hawa da sauka tare da shi, a kan wasu inbata masu arha kuma tana ƙara ƙugi ta yi zafi da wuri. Akwai wani ƙaton sukuru a gefenta, da yawa ba su san amfaninsa ba, shi ne na daidaita ƙarfi: ka kunna, ka ɗaure shi a hankali har ta fara wannan ƙarar ta kaf-kaf-kaf mai firgitarwa, sai ka sassauta kaɗan har ƙarar ta ɗauke, to nan ne daidai. Da an canza daga wutar gari zuwa jen sau da yawa sai an sake taɓa shi.

Wannan ya tuna min da kayan gwanjo da tsarabar 'yan uwa daga waje. Kilifar da aka yi don Amurka wutar 120 take sha, bugu 60. Ka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu sai hayaƙi, na ga an yi a gabana, sabuwa fil ko aski ɗaya ba ta yi ba. Ko ka sayi abin rage wuta ka sa mata, ƙarfin kawai ya rage, bugun bai canza ba, sai ta dinga ƙara kamar za ta tarwatse. In za a aiko maka, ka ce a nemo wadda aka rubuta 220-240V, 50Hz, irin ta Ingila ko ta Dubai.

Nauyi da zafi su ne abin da zan ce a kanta. In ka aske yara biyu a jere bakin ya yi zafi, sai ka kashe ka ɗan jira, ka ɗiga mai. Man nan shi ne ranta, ɗigo biyu ko uku a kan haƙora kafin a fara, in nata ya ƙare man keken ɗinki yana yi. Ban da man gyaɗa don Allah, yana daskarewa ya yi danƙo, ban da baƙin mai. Kuma in an kwance baki an wasa a tabbatar haƙoran sama sun ɗan ja baya kaɗan da na ƙasa, in suka zo daidai ko suka wuce to yanka za ta yi, musamman bayan kunne da ƙeyar yaro. Kum ɗinta kuma lamba-lamba ne, lamba 1 tana barin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, in saisaye kake yi wa yara waɗannan sun ishe ka.

Ranar da waya ta ba ni kunya ita ma ba zan ɓoye ba. Jajiberin ƙaramar sallah ne, bayan isha'i, shagunan aski duk layi har titi, na ce ai muna da namu a gida. Na shimfiɗa buhu a tsakar ɗaki, na gama wa babban, na zaunar da ƙaramin a kan kujera 'yar tsugunno na ɗaura masa tsohon zanin mamansa a wuya, na sauke gefen dama kenan ɗif aka ɗauke wuta. Yaron ya shafa kansa ya ji rabi akwai rabi babu, ya fashe da kuka, yana cewa "Baba haka zan je idi?" Abin ya taɓa ni sosai. Muka jira har sha ɗaya shiru. Ƙarshe maƙwabcina ne ya ji kukan ya leƙo, ya ce "Malam kawo shi mana," ya ɗauko tasa mai caji, uwargida ta riƙe tocilan waya, muka ƙarasa a zaure. Tun daga ranar nake fara aski da rana in ana gobe sallah, kuma tun daga ranar na daina yi wa mai caji kallon kayan wasa.

Kuɗin wuta kar ya dami kowa. Kilifa mai waya ba ta wuce wat 10 zuwa 15 ba, kamar ƙwan lantarki ɗaya. Ko a farashin Band A, wato rukunin da suka fi biyan kuɗin wuta da tsada, da aka sa naira 225 kan yunit a watan Afrilun 2024, in ka kunna ta awa guda cur kuɗin bai kai naira 4 ba. Sheba ma bai kai haka ba. Inda lissafin yake shi ne kuɗin shago, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu aski suka ƙara kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba jen suke tayarwa. Mai yara maza uku ko huɗu da ke aski duk sati biyu, wata kaɗan ne kilifa za ta mayar da kuɗinta.

Amma ni abin da ya fi kuɗin ma damuna shi ne lafiya. Kilifa ɗaya ta bi kai ashirin a rana, ana gyaran fuska ana ɗan yankewa, jini kaɗan ne ido ba ya gani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, ga makero da yara ke kwasowa, ga ƙurajen ƙeya. Wasu masu askin suna ƙoƙari, su goge da sifirit, wasu su kunna laita su bi bakin da wuta na daƙiƙa biyu, wanda ni ban yarda ya isa ba kuma yana kashe kaifin ƙarfen. Ko ba ka iya aski da kanka ba, ka mallaki taka ka tafi da ita shago, babu mai askin da zai ƙi, kuma a nan mai waya ta fi daɗi don ba ruwanka da tunanin ko da caji. A gida ma ina goge bakin da sifirit tsakanin yaro da yaro. Sai kuma gashin hammata da na mara da addini ya ce kar a bari ya wuce kwana 40, wannan a ware masa injinsa daban, kar a haɗa da na fuska, kuma a nan ƙaramin mai caji ya fi dacewa tunda banɗaki ake shiga da shi.

Wajen saye kuwa jabu ya yi yawa, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya. Ka ɗaga ka ji nauyi, ta kirki tana da nauyi kuma wayarta kauri gare ta da tsawo, ta banza wayar siririya ce kamar ta rediyo. A jona a kunna a gabanka, ka bar ta minti biyu a hannu ka ji ko za ta yi zafin da ya wuce hankali, ka gwada a gashin hannunka. Ka dubi fulogin, in mai ƙafa biyu zagayayyu ne ka sayi adafta tun a nan, a daina tura murfin biro ko tsinken ashana a soket ana cusawa, yara suna kallo suna koya. Ka kuma tambayi mai shagon ko yana sayar da bakinta ko kanta daban, in ya ce babu to ka san ranar da ya dakushe sai dai bola.

Da na gama duk wannan ƙanina ya ce "To Yaya ni yanzu wanne?" Shi ba aure tukun, ɗaki ɗaya yake haya a Angwan Rogo, wutarsu tana zuwa da dare mafi yawa, gemunsa cikakke ne ba ya share kumatu sai dai ragewa, kuma shi ma wuyansa na yin ƙuraje. Na ce kai sheba ba naka ba ne yanzu, ba abin da za ka share, kuma mai ƙuraje sosai ma ya fi samun sauƙi in ya bar ɗan burbushin da kilifa ke bari. Ka sayi kilifa mai waya mai kyau guda ɗaya, ita za ka kai shago, ita za ta rage maka gemu da dare in an kawo wuta, ita kuma za ka aske 'ya'yanka da ita in Allah ya kawo su. In kuɗi ya ragu ka ƙara da ƙaramar mai cajin USB ta gyaran fuska da tafiye-tafiye, ka sa a ranka shekara ɗaya ko biyu za ta yi maka. Da a ce aikinka irin nawa ne na share fuska duk bayan kwana biyu kuma kana da wuta da safe ko inbata, da sheba mai waya zan ce, da kuma a ce ƙauye aka tura ka aiki inda sai sola, da ban ma kawo maganar waya ba.

Shekaranjiya ya dawo da ita a leda, mai waya, an rubuta 220-240V a gindinta, na duba da kaina. Muka jona a falo tana ta kaf-kaf, na miƙa masa sukundireba na nuna masa sukurun gefe, ya sassauta har ta koma ƙugi mai daɗi, ya ɗiga mai, ya zauna gaban madubi ya sa lamba 2 ya fara da gemun.